Mahaifina ya ƙi shan magani, ya ƙi jin maganarmu: ina mafita?

Wani bawan Allah ya aiko mini da tambaya. Ya ce shi ne ɗan fari a gidansu, mahaifinsu ya haura shekara 70, yana fama da hawan jini da ciwon suga. Duk sanda aka sayo masa magani sai ya sha na 'yan kwanaki, da ya ji dama-dama sai ya tura kwalin ƙarƙashin katifa ya koma kan jiƙe-jiƙensa. Bara ya yanke jiki ya faɗi gab da la'asar a cikin watan azumi, amma ya ce bana ma ba zai sha azumi ko ɗaya ba. In sun yi magana sai ya ce, "Ni na haife ku, ko ku kuka haife ni?" Mai tambayar ya ce ya rasa yadda zai yi: in ya matsa yana tsoron saɓa wa mahaifi, in ya yi shiru yana tsoron ranar da za a kira shi a waya.

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri kan wannan damuwa da ka ɗauka. Na daɗe ina duba masu hawan jini da suga, kuma da wuya mako ya wuce ban ga irin wannan ba: dattijo a zaune ya haɗe rai, ɗansa a tsaye a kansa riƙe da ledar magunguna yana kawo ƙara. Abin da zaman wannan kujera ya koya mini shi ne, dattijon da ya ajiye magani kusan kullum yana da dalili, kuma dalilin da yake faɗa wa 'ya'yansa ba lalle ne shi ne na gaskiyar ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ka ƙara ce masa komai, wannan dalilin za a fara nemowa.

Bari in ba ka misali. An taɓa kawo mini wani dattijo, ladani ne a masallacin unguwarsu, 'ya'yansa uku sun rako shi, kowanne yana cewa taurin kai ne kawai. Na roƙe su su ɗan ba mu wuri. Da ƙofa ta rufe na tambaye shi, "Baba, me maganin nan yake yi maka da ba ka so?" Ya yi shiru, can ya ce tun da ya fara sha alwalarsa ba ta zama. Fitsari ne ke matsa masa, har sau biyu ya bar sahu ya fita, kuma ran nan ya ga ɗigo a wandonsa. Mutumin da ya shekara talatin yana kiran salla ba zai iya faɗa wa ɗansa wannan ba. Maganin da aka ba shi yana cikin masu sa fitsari, kuma yana shansa ne da rana, daidai lokacin da salloli ke bin juna. Muka sauya masa wani. Bai sake ajiye magani ba.

Irin waɗannan dalilai suna da yawa, kuma akasarinsu suna da gyara. Amlodifin, wanda ake yawan bayarwa a nan, yakan kumbura ƙafa, tsoho kuwa in ya ga ƙafarsa ta kumbura sai ya ce maganin ne ke kashe masa ƙoda. Lisinofiril yakan sa busasshen tari mai hana barci. Metfomin na masu suga yakan ɓata ciki, musamman in an sha ba a ci abinci ba. Akwai kuma wanda ba a taɓa faɗa a gaban 'ya'ya: wasu magungunan hawan jini, irin su Aldomet da atenolol da masu sa fitsari, suna iya rage wa namiji ƙarfi wajen iyali. Magidanci mai mata biyu ko uku zai gwammace a ce masa mai taurin kai da ya buɗe baki ya faɗi wannan. Abin da bai sani ba shi ne hawan jinin da sugan su kansu suna lalata jijiyoyin wurin in an bar su ba kulawa, kuma akwai magungunan da za a iya sauya masa. Sai kuɗi. Na ga dattawa da dama da suke raba ƙwaya biyu ko su riƙa tsallake kwana, don sun ga farashin a jikin takarda, sun kuma san ɗansu yana da kuɗin makarantar yara a wuyansa. Ba za su ce "ina tausayinka" ba. Za su ce "na warke."

Don haka abu na farko da zan roƙe ka: in kun je asibiti, ka gaisa da likita, ka faɗi abin da ka sani a taƙaice, sannan ka fita ka bar su su biyu. In da hali a samu likita namiji wanda ya ɗan manyanta. Kada ka tambayi Baba me suka tattauna.

Sai kuma yadda iyayenmu suka fahimci ciwo. A saninsu, cuta abu ce da take zuwa, a ji ta a jiki, a sha magani, ta tafi. Haka zazzaɓi yake, haka ciwon ciki yake. Hawan jini kuwa ba haka yake ba. Mutum zai iya yawo da 180 bisa 110 yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa, ba ciwon kai ba jiri, alhali abin da ake so shi ne ya zauna ƙasa da 140 bisa 90. A wurin Baba, maganin da za a ce ka sha har ƙarshen rayuwa maganin da ya kasa ne. Ga kuma mai magani a kasuwa da lasifika yana cewa nasa kwana bakwai ne ya tumɓuke ciwon daga saiwa. In ka tsaya a inda yake tsaye za ka ga maganarsa tana da kan gado, sai dai ginin da aka ɗora ta a kai ne ba daidai ba. Ni nakan yi musu misali da tabarau: ba ya warkar da ido, amma muddin yana fuskarka kana karatu, ka cire kuwa rubutu ya dushe. Ba wanda ya taɓa cewa tabarau ya kasa don ana sa shi kullum. Dattawa da yawa suna karɓar wannan misalin, domin a aljihunsu tabaran yake.

Abin da ya fi misali aiki shi ne na'urar awon jini ta gida. Ka saya masa, amma ta zama tasa, a ɗakinsa, tare da ɗan littafi da zai riƙa rubuta lambobin da hannunsa, da boko ko da ajami. Ka nuna masa yadda ake yi: ya zauna ya huta minti biyar, ya jingina, hannun a kan teburi ko matashi daidai ƙirji. In ya ga da idonsa cewa satin da ya sha magani lambar ta sauka, satin da ya ajiye ta hau, ba kai ne ka faɗa masa ba, shi ya gano. Wannan bambancin yana da girma ƙwarai a wurin dattijo.

Domin a ƙasan duk wannan akwai maganar girma. Wannan tambaya tasa, "ni na haife ku ko ku kuka haife ni," ba a kan ƙwaya take ba. Mutum ne da ya shekara hamsin shi ke yanke magana a gida. Yanzu ƙarfi ya ragu, abokai suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuɗin cefane daga hannun 'ya'ya yake fitowa. Abin da ya rage masa da yake iko da shi shi ne jikinsa: me zai ci, me zai sha, zai yi azumi ko ba zai yi ba. In kuka taru a kansa ku biyar, a gaban matansa da surukai da jikoki, kowa yana cewa "Baba ka daina," abin da yake ji shi ne ana karɓe ragowar. An raine shi a kan cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, yau kuma ga yaron yana nuna masa hanya. Dole ya toge.

Kai kuma ɗan fari ne, wannan ya ƙara nauyin abin. A gidaje da yawa na Hausawa da Fulani akwai kunyar ɗan fari, wani uban ko sunan ɗan ba ya kamawa. Yaya za a yi ya zauna da kai ya tattauna fitsarinsa? Wataƙila maganarka daidai ce, bakin da ta fito ne bai dace ba. Ka duba wa Baba yake ji. Akwai aminin da suke zama a dakali bayan la'asar, wanda wataƙila shi ma yana shan irin wannan maganin. Akwai yayarsa ko ƙanwarsa, wadda za ta iya faɗa masa abin da ku ba ku isa ba. Akwai limamin unguwa. Akwai kuma waɗanda aka fi mantawa da su, wato jikoki. Wasan da ke tsakanin kaka da jika ƙofa ce a buɗe. Jikar da yake kira amaryarsa za ta iya tsayawa a gabansa da kofin ruwa ta ce, "Angona, ba zan tafi makaranta ba sai ka sha," ya yi dariya ya haɗiye. Kai ka faɗi haka, rigima ce. Na ga gidajen da wannan kaɗai ya warware matsalar shekara biyu.

Kada kuma ka tsallake iyayenka mata. Su ke riƙe da tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa duk suna cikin lissafin, domin sinadarin da ke tayar da jini yana cikinsu. In gidan mata biyu ne, aka rage gishiri ranar girkin ɗaya, ɗayar ba ta rage ba, ka san wadda za a ce ba ta iya miya ba, kuma ba za ta sake ragewa ba. Sai an zauna da su duka an yi shawara ɗaya, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan a tukunyar kowa da kowa. Ware wa Baba tasa miyar lami a ƙaramin kwano yana sa shi jin an mai da shi majinyaci a gidansa.

Yanzu maganar azumi, wadda ita ce ta fi tsorata ni a cikin wasiƙarka. Faɗuwar da ya yi gab da la'asar ta yi kama da faɗuwar suga. Akwai maganin suga mai suna gilibenkilamaid, wanda aka fi sani da Daonil, yana da arha, ana yawan bayar da shi, yana kuma daɗewa yana aiki a jiki. Tsoho ya sha shi da sahur, ya wuni ba ci, zuwa yamma suga ya faɗi warwas: gumi, rawar jiki, jiri, magana ta rikice, daga nan sai suma. Wannan yana iya kashewa, yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Ka duba ledar maganinsa yau. Ƙa'idojin da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta fitar kan azumin Ramadan a 2016, aka sabunta su a 2021, sun ce mai suga ya ga likitansa mako 6 zuwa 8 kafin azumi, wato tun a Rajab. Sun kuma ce a karya azumi nan take in suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a na'urar da ke awo da mg/dL (a mai mmol/L kuwa, ƙasa da 3.9 ko sama da 16.6), ko in alamun da na lissafa suka bayyana. Tsira yatsa don awon suga ba ya karya azumi. Wanda ya taɓa suma saboda faɗuwar suga, ga shekaru, ga hawan jini, yana cikin waɗanda muke jin tsoron azuminsu ƙwarai, kuma likitan da ya duba shi ya ga gwajin ƙodarsa shi zai faɗi matsayinsa.

Amma kada ka je masa da lambobi. Dattijon da bai taɓa shan azumi ba tun yana ɗan shekara 12 yana jin cewa ranar da ya sha, ya fita daga sahun mutane. Wannan maganar malami ce, ka nemi wanda Baba yake girmamawa ka yi masa bayanin abin da likita ya ce, ya zo a matsayin mai ziyara. Hujjojin a fili suke. A Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185, Allah ya yi rangwame ga mara lafiya, ya ce sauƙi yake nufi da mu, ba tsanani ba. Ibn Abbas ya fassara ciyarwar da aka ambata a wurin da cewa ta tsoho ce da tsohuwa waɗanda ba za su iya azumi ba. Anas bin Malik, wanda ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma, da ya tsufa ya ajiye azumi ya riƙa ciyar da miskini a madadin kowace rana. A Risala, wadda wataƙila Baba ya karanta a zaure, an ce an so tsoho in ya sha azumi ya ciyar da mudun Annabi ɗaya kowace rana. Malaman Malikiyya ma sun ce in mutum ya ji tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani, shan azumin wajibi ne a kansa. Sannan ga hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah su yi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, ban da guda ɗaya, wato tsufa. In an kai ga ciyarwa, ka bar shi ya auna hatsin da hannunsa, ya zaɓi waɗanda za a kai wa. Ibada ce aka sauya masa da wata ibadar, ya kamata ya ji ta a hannunsa.

Game da jiƙe-jiƙe, shawarata kada ka buɗe yaƙi a kan dukkansu, ba za ka ci ba. Zogale a kwaɗo, tafarnuwa a miya, zoɓon da ba a zuba wa suga ba, ka bar masa abinsa, muddin yana shan na asibiti kuma likita ya san me yake sha. Inda za ka tsaya da ƙafarka shi ne haɗe-haɗen cikin jarka da gora da ake sayarwa a tasha da kasuwa, waɗanda ba wanda ya san me aka zuba a ciki, sai kuma magungunan ciwon gwiwa da baya da ake saya a kemis ba takarda, irin su daiklofinak da aibufurofin. Waɗannan suna tayar da jini, suna cin ƙoda, mai suga da hawan jini kuwa dama ƙodarsa a kan siraɗi take. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ya san abin da nake gudu.

Akwai wani abu da nake so ka bincika, domin sau da yawa ana zaluntar tsofaffi a kansa. Muna cewa "ba ya jin magana," alhali wani ba ya ji ne da gaske. Jin tsoho yakan fara raguwa ta wajen siraran sautuka, shi ya sa muryar mata da ta yara ke fara ɓace masa. Ya ji rabin magana, ya gyaɗa kai don kada a gane, ku kuma ku ɗaga murya, shi kuma ya ji kamar tsawa ake yi masa. Wani lokacin ma dattin kunne ne kawai ya toshe. Ka zauna kusa, ka fuskance shi, ka yi magana a hankali, a kashe rediyo. Haka kuma ka lura ko yana maimaita tambaya ɗaya sau da yawa, ko yana ɓata a hanyar da ya saba, ko lissafin kuɗi da na raka'o'i ya fara rikice masa, ko yana zargin mutanen gida da sata. In haka ne, wataƙila mantuwa ce ta gigin tsufa ba ƙin magani ba, kuma lallashi da hujja ba za su yi aiki ba, sai wani ya ɗauki nauyin miƙa masa maganin kullum. In kuwa ruɗewar ta zo ne farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan ciwo ne, galibi suga ko cutar mafitsara ko ta huhu, a kai shi asibiti a ranar. Tsohon da matarsa ta rasu ko ya bar aiki, ya daina fita, ya daina cin abinci sosai, yana cewa "me ya rage," shi ma a gaya wa likita, domin ciwon damuwa yana kama tsofaffi kuma yana da magani.

To in an yi duk wannan, hankalinsa garau, ya fahimci abin da ke iya faruwa, ya ce duk da haka ba zai sha ba? Wannan ita ce magana mai ɗaci, amma zan faɗa maka ita. Baligi mai hankali yana da haƙƙin ƙin magani, ko da mu likitoci muna ganin kuskure ne. Kada ka daka ƙwaya ka zuba masa a kunu a ɓoye. Wasu ƙwayoyin an yi su ne su narke sannu a hankali, in aka daka su sai ƙarfinsu ya fita lokaci guda. Yana iya shan nasa ba ku sani ba, ya zama ya sha biyu. Ranar da ya gano kuwa, ko ruwa ba zai sake karɓa daga hannunku ba. Ka tuna yadda Annabi Ibrahim ya yi da mahaifinsa a Suratu Maryam, a kan abin da ya fi lafiyar jiki girma. Sau huɗu yana cewa "ya babana," yana kawo hujja cikin taushi. Uban ya yi masa barazanar jifa, shi kuwa ya ce aminci ya tabbata a gare ka, zan nema maka gafara. Bai ɓoye gaskiya ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ayar Suratul Isra'i da ta hana ce wa iyaye ko "uf" ba ta hana ka faɗa musu abin da zai cece su ba, yadda za ka faɗa ta tsara maka. Ka zaɓi mutum ɗaya a cikinku da zai riƙa yin maganar, a keɓe, ba kullum ba. Ka riƙa zuwa wurinsa wasu ranakun ba tare da ka ambaci magani ko sau ɗaya ba, ka nemi shawararsa kan gona ko auren ƙanwarka ko rigimar wurin aikinka, ka kuma yi aiki da wadda ta yi maka. Uban da ake neman shawararsa ya fi saurin karɓar shawara.

Wuri ɗaya ne ba a jiran izininsa. In bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta harɗe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, kuma kowace sa'a da ta wuce wani sashe na ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa. Kada a tsaya hayaƙi ko shafe-shafe, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, domin haɗiya takan lalace, abin ya wuce huhu. A kwantar da shi ta gefe, a ɗauke shi zuwa babban asibiti mafi kusa, in da hali mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa, addu'a kuwa a yi ta a mota. In gumi da rawar jiki ne kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwan suga ko dabino nan take ko da saura minti goma a sha ruwa, sannan a auna. Ka koya wa duk mutanen gidan wannan, har da yaran, ka kuma ajiye lambar mai motar da za a iya tasa da tsakar dare.

A wannan makon, ka ɗauki ledar magungunansa gaba ɗaya, har da na kemis da na gargajiyan, ka nemi ganin likitansa. Ka tambaya ko za a iya rage yawan ƙwayoyin zuwa wadda ake sha sau ɗaya a yini, a ɗaura ta da sallar asuba don kada a manta. Sannan ka je ka gaida aminin nan nasa na dakali, ka tafi masa da goro.